Wa Ke da Ikon Tsayar da Aiki? Tsokaci a Kan Hanyoyin Kyautata Inganci a Masana'antu

Gabatarwa

A shekarar 1982 kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta haɗa motoci da ke garin Fremont a jihar Kalifoniya ta Amurka. Masana'antar ta yi ƙaurin suna wajen fitar da motoci masu tangarɗa da yawan yajin aiki, kuma fashin zuwa aiki yakan kai kashi 20 cikin 100 na ma'aikata. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, a ƙarƙashin haɗin gwiwar General Motors da Toyota. Ƙungiyar ƙwadagon ita ce dai ta da, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗauka aiki su ne tsofaffin ma'aikatan nan da aka ce ba sa gyaruwa. Ba a daɗe ba motocin NUMMI suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors, fashin aiki kuma ya sauko zuwa kimanin kashi 2 cikin 100.

Wannan labari ya isa ya sa a sake duba yadda ake kwatanta hanyoyin kyautata inganci. Abin da aka saba gani a littattafan koyar da harkar kasuwanci shi ne a jera Tsarin Inganci na Bai-ɗaya da tsarin Toyota da Sigma Shida da ISO 9001, a lissafa matakai da jadawalan kowanne, a rufe da cewa kowanne na da nasa amfani. Irin wannan kwatanci yana barin babbar tambaya a baya. Ra'ayin wannan muƙala shi ne, abin da ya fi bambanta hanyoyin nan shi ne amsar da kowace ta bayar ga tambaya guda: idan an ga aibi a cikin aiki, wa ke da ikon faɗa, wa ke da ikon gyarawa? Daga wannan amsa ake gane hanyar da za ta ɗore da wadda za ta tsaya a takarda.

Tushe Guda

Duk hanyoyin nan sun sha daga rijiya ɗaya. A 1924 Walter Shewhart, masanin kimiyya a kamfanin Western Electric na Amurka, ya zana jadawalin sa ido a kan aiki ta hanyar ƙididdiga. Fahimtarsa ita ce, babu aikin da ke fitar da abubuwa biyu daidai wa daida. Injin da ke ɗura sukari a buhu mai kilo 50 zai riƙa ɗan haurawa ko ɗan gazawa. Wani bambancin ɗabi'ar tsarin ne, wani kuma yana da sababi na musamman, kamar lalacewar sikeli ko sauya mai kawo kaya. Manajan da bai rarrabe su ba zai tsawata wa ma'aikaci a kan abin da injin ne ya jawo, ko ya yi ta taɓa injin da lafiyarsa ƙalau har ya ƙara dagula shi.

W. Edwards Deming ne ya kai wannan tunani Japan a 1950, bisa gayyatar ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyi ta ƙasar, kuma tun 1951 ake ba da lambar yabo da sunansa a can. Joseph Juran ya bi sahu a 1954. Koyarwar Deming ba ta tsaya ga lissafi ba. Ya dage cewa mafi rinjayen kurakurai daga tsari suke fitowa, tsari kuwa shugabanni ke da alhakinsa. Cikin ƙa'idojinsa 14 akwai daina dogaro da duba kaya bayan an gama ƙerawa, da daina ɗora wa ma'aikata adadin da dole su cika, da kawar da tsoro daga wurin aiki. Batun tsoro shi ne ginshiƙi, domin ma'aikacin da ke fargabar kora zai ɓoye aibi, alƙaluman da za su iso teburin manaja kuma su zama na bogi.

Tsarin Inganci na Bai-ɗaya

Sai a 1980, bayan wani shirin talabijin na tashar NBC da ya nuna yadda kayan Japan ke ƙwace kasuwa, kamfanonin Amurka suka waiwayi Deming. Abin da ya biyo baya shi ne Tsarin Inganci na Bai-ɗaya, wanda ke cewa inganci nauyi ne a kan kowa, daga shugaban kamfani har mai gadi. Manufar kyakkyawa ce, amma abin da aka ce na kowa ne sau da yawa yakan rasa mai shi. Tsarin bai fayyace wanda zai yi me ba, ko a yaushe, don haka kamfanoni da dama suka mayar da shi taro da kwamitoci da alluna masu ɗauke da kirari.

Kamfanin wutar lantarki na Florida Power & Light misali ne. A 1989 ya zama kamfani na farko a wajen Japan da ya ci lambar Deming. Bai jima ba sabon shugabancinsa ya rage sashen kula da inganci ƙwarai, bayan ma'aikata sun koka cewa cike takardu ya cinye lokacin aikinsu. Ikon gyara ya taru a wani ofishi na musamman, masu aikin kuma suka koma masu kai rahoto.

Tsarin Toyota

Asalin tsarin Toyota a masaƙa yake. Sakichi Toyoda ya ƙera injin saƙa da ke tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Taiichi Ohno ya faɗaɗa wannan dabara a masana'antar motoci, a lokacin da kamfanin ba shi da jarin tara kaya a sito. Ya lissafa nau'o'in asara bakwai: ƙera fiye da buƙata, zaman jira, jigilar da ba dole ba, aikin da ya wuce kima, tara kaya, kai-kawon ma'aikaci, da kaya masu aibi. Daga baya masu bincike na jami'ar MIT suka raɗa wa tsarin sunan da ke nufin aiki maras teɓa, kuma littafin da suka fitar a 1990 ya yaɗa shi a duniya.

Abin da ya fi jan hankali a tsarin shi ne wata igiya da ke rataye a saman layin haɗa motoci, wadda ake kira andon. Duk ma'aikacin da ya ga matsala zai ja ta. Shugaban rukuninsa zai zo nan take, idan kuma ba a warware matsalar cikin ɗan lokacin da aka ƙayyade ba, layin zai tsaya. A tsohuwar masana'antar Fremont tsayar da layi babban laifi ne, don haka mota takan wuce da aibinta a je a gyara ta a ƙarshe, bayan an rufe aibin da wasu sassa. A NUMMI an damƙa wa leburan da ke ɗaura noti ikon da a da ko mai kula da sashe yana shakkar amfani da shi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Toyota kuwa ta mayar da wannan magana ƙa'idar aiki.

Igiyar kaɗai ba ta isa ba. An tura ɗaruruwan ma'aikatan NUMMI horo a masana'antar Takaoka da ke Japan. An kuma rubuta a yarjejeniyar ƙwadago cewa ba za a sallami ma'aikata ba sai rayuwar kamfanin ta shiga haɗari, kuma kafin nan sai an fara rage albashin manya. Da kasuwa ta yi sanyi a ƙarshen shekarun 1980, an cika wannan alkawari. Wannan ne ya sa kaizen, wato ƙananan gyare-gyaren yau da kullum da ma'aikata ke kawowa, ya yi aiki. Babu mai hankalin da zai nuna yadda za a yi aikin mutum biyar da mutum huɗu alhali ya san shi ne na biyar ɗin da za a kora. Da General Motors ta yi ƙoƙarin kwaikwayon tsarin a masana'antarta ta Van Nuys ba tare da irin wannan amana ba, bai karɓu ba, aka rufe masana'antar a 1992.

Sigma Shida

Sigma Shida ta fito daga kamfanin Motorola a 1986 ta hannun injiniya Bill Smith, ta kuma shahara bayan Jack Welch ya rungume ta a General Electric a 1995. Sigma harafin Girkanci ne da masana ƙididdiga ke auna yawan bambanci da shi. Burin tsarin shi ne kada aibi ya wuce 3.4 a cikin miliyan ɗaya. Ana bin matakai biyar: fayyace matsala, aunawa, nazari, gyarawa, da tsare gyaran. Masu jagorantar ayyukan ƙwararru ne da aka horar, ana ba su laƙabin baƙar ɗamara ko koriyar ɗamara, aron da aka yi daga wasannin kokawar Japan.

Ƙarfin wannan hanya a fili yake. Akwai matsalolin da ido ba ya gani kuma ƙwarewar hannu ba ta kamo su, kamar yadda zafi da danshi da saurin inji ke haɗuwa su ɓata kaya. Irin waɗannan sai da gwaji mai tsari da lissafi. Haka kuma Sigma Shida ta gyara raunin Tsarin Bai-ɗaya, domin kowane aiki yana da mai shi da wa'adi da adadin kuɗin da ake sa ran ceto.

Sai dai amsarta ga tambayar iko ita ce ƙwararre. Ma'aikaci yana ba da bayanai, mai ɗamara yana yanke hukunci, idan aikin ya ƙare ya wuce wani sashe. Da Welch ya ɗaura ƙarin girma da wani kaso na garaɓasar manajoji a kan shiga tsarin, ya buɗe ƙofar abin da Deming ya yi gargaɗi a kai, wato mutane su bauta wa adadi maimakon aiki. Akwai kuma iyakar da tsarin ba ya tsallakewa. James McNerney, wanda ya fito daga General Electric, ya shimfiɗa Sigma Shida a kamfanin 3M daga 2001 zuwa 2005, har cikin ɗakunan bincike. Riba ta ƙaru, amma masu bincike sun koka cewa ana neman su auna ribar abin da ba a riga an ƙirƙiro ba. Magajinsa George Buckley ya sassauta tsarin a ɓangaren bincike. Hanyar da aka gina don rage bambanci ba za ta dace da aikin da bambanci ne jarinsa ba.

ISO 9001

ISO 9001 ta bambanta da sauran, domin ita ma'auni ce. Ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya da ke Janiba ta fitar da ita a 1987, bisa tsohon ma'aunin Birtaniya BS 5750, aka kuma sabunta ta a 1994 da 2000 da 2008 da 2015. Tana buƙatar kamfani ya tsara yadda yake aiki, ya bi abin da ya tsara, ya ajiye shaida, ya kuma gyara inda aka kauce. A wasu shekarun baya-bayan nan adadin takardun shaidarta a duniya ya haura miliyan ɗaya.

Amfaninta ga mai saye ne da ke nesa. Ɗan kasuwar Jamus da ba zai iya ziyartar masana'anta a Indiya ba yana samun ɗan kwanciyar hankali idan ya ga takardar. Amma takardar shaida ce a kan tsarin gudanarwa, ba a kan nagartar kayan ba. Ƙungiyar ISO da kanta ba ta ba da ita. Wasu hukumomi ne ke tantancewa, kuma kamfanin da ake tantancewa shi ke biyan su. A nan iko yana hannun baƙon da ke zuwa na 'yan kwanaki a shekara, wanda ake share masa hanya tun kafin ya iso. Inda shugabanni ke son gyara da gaske, ma'aunin yana zama musu ƙashin baya. Inda takardar kawai ake so don neman kwangila, sai a samu kundaye biyu: aikin da aka rubuta da aikin da ake yi.

Inda Masu Suka Ke da Gaskiya

Fifita tsarin da ke ba ma'aikaci iko ba ya nufin wanke shi daga aibi. Tun a 1973 ɗan jarida Satoshi Kamata, wanda ya yi aikin wucin gadi a masana'antar Toyota, ya rubuta littafi a kan tsananin gajiyar da saurin layi ke jawowa. Kawar da zaman jira yana iya zama kawar da numfashin ma'aikaci. Rashin tara kaya kuma yana da haɗari: girgizar ƙasar Japan ta 2011 ta tsayar da masana'antu da dama saboda yankewar sassa, abin da ya sa Toyota kanta ta sake tunani a kan ajiyar wasu muhimman kayayyaki. A 2009 da 2010 kamfanin ya janye miliyoyin motoci daga kasuwa, shugabansa Akio Toyoda kuma ya amsa a gaban majalisar dokokin Amurka cewa saurin faɗaɗar kamfanin ya wuce saurin horar da mutanensa. A 2017 kamfanin Kobe Steel ya amsa cewa an daɗe ana sauya alƙaluman ingancin wasu kayayyakinsa.

Waɗannan misalai suna rushe tunanin cewa sirrin yana cikin jinin Japanawa ko al'adarsu. Ma'aikatan Fremont Amurkawa ne kuma sun yi nasara, ma'aikatan Kobe Steel Japanawa ne kuma sun ɓoye gaskiya. Duk inda matsin cika wa'adi ya rinjayi 'yancin faɗin matsala, sakamakon iri ɗaya ne.

Wasu kuma za su ce jayayyar ta tsufa, tunda an daɗe da haɗa tsarin Toyota da Sigma Shida a manhaja ɗaya. Gaskiya ne kayan aikinsu suna zama tare lafiya. Amma haɗa jadawalai bai warware tambayar iko ba. Dole kamfani ya zaɓa: ko ƙwararre ya zama mai taimaka wa masu aiki a kan matsalar da ta fi ƙarfinsu, ko masu aiki su zama masu tattara masa alƙaluma.

Darasi ga Ƙasashe Masu Tasowa

Akwai hujjar da ke nuna cewa matakan farko, masu araha, su ne suka fi biyan kuɗin sabulu. Nicholas Bloom da abokan aikinsa sun gudanar da gwaji a masaƙun da ke kusa da Mumbai a Indiya, suka wallafa sakamakon a 2013. Masana'antun da aka koya wa abubuwa kamar rubuta aibin yadi kullum, tattauna shi, tsabtace wurin aiki da kula da injuna a kan kari sun samu ƙarin yawan aiki da kashi 17 cikin 100 a shekarar farko. Da aka koma bayan shekaru, an tarar an watsar da kusan rabin sababbin ɗabi'un, kuma sauyin manajoji na cikin manyan dalilai. Abin da ya zauna a kan manaja yakan tafi tare da shi. Habasha ta bi wannan layi na fara wa daga ƙasa, inda ta soma gwajin kaizen a 2009 da tallafin hukumar JICA ta Japan, ta kuma kafa cibiya ta musamman a 2011.

Nijeriya ta ɗanɗana kuɗar dogaro da duba kaya a ƙarshe. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga ƙasar saboda yawan sinadarin dichlorvos, wanda ake samu a magungunan ƙwari irin su fiya-fiya, aka kuma tsawaita dakatarwar a 2016. Wake amfanin gona ne da Arewa ke kan gaba wajen nomansa. Aibin yana shiga ne a rumbu da sito, lokacin da mai ajiya ke yaƙi da ƙwari da abin da ya samu. Gwaji a tashar jiragen ruwa zai iya gano gubar, amma ba zai cire ta ba. Gyaran da ya dace da koyarwar Deming shi ne irin buhun nan mai ruɓi uku da jami'ar Purdue ta samar, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba. Mai yanke shawarar amfani da shi kuwa manomi ne da ɗan kasuwar Dawanau, ba jami'in da ke Legas ba.

Wannan ba kira ba ne a kwafi tsarin Toyota ɗungurungum. Masana'antar da ke Sharaɗa ko Bompai, wadda kayanta kan daɗe a tashar ruwa kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, za ta yi ganganci idan ta ƙi ajiye kaya a sito. Haka nan Sigma Shida tana buƙatar tarin alƙaluma amintattu, waɗanda ba a samunsu a wurin da ba a saba rubuta komai ba. Jerin da ya fi dacewa shi ne a fara da daidaita yadda ake aiki tare da masu yin sa, a ba su damar faɗin matsala ba tare da tsoro ba, a saba da rubuta aibi kullum. Bayan nan lissafi mai zurfi zai samu abin ci, takardar ISO kuma ta zama shaidar abin da ke akwai.

Kammalawa

A nan ne batun ya shafi masana Hausa kai tsaye. Idan ingancin aiki ya dogara ga bakin ma'aikaci, to harshen da yake magana da shi ya zama wani ɓangare na tsarin. A masana'antu da asibitoci da ɗakunan ajiya da yawa na Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar, ana aiki da Hausa amma ana rubuta ƙa'idojin aiki da Ingilishi ko Faransanci. Wanda ya ga aibin ba shi ne mai iya cike takardar ba. Japanawa ba su koyi wannan ilimi da harshen aro ba. Sun fassara shi, suka gina kalmominsu daga maganar yau da kullum, har duniya ta dawo tana aron kaizen da andon daga wurinsu.

Hausa ba ta rasa abin ginawa. Tana bambanta inganci da nagarta da ƙarko, tana bambanta aibi da tangarɗa da algus, kuma kowace kalma tana nuni ga wani nau'in matsala daban: ta ƙira, ta aiki, ko ta ha'inci. Aikin da ke jiran sassan nazarin harshe shi ne su shiga masana'antu da kasuwanni su tattara kalmomin da maƙera da masaƙa da majema da ma'aikatan injuna ke amfani da su, su daidaita su tare da masana harkar gudanarwa, maimakon ƙirƙiro fassara daga kan tebur. An rufe NUMMI a 2010 bayan durƙushewar General Motors, wadda ta shafe shekaru tana da amsar a cikin gidanta ba ta yaɗa ta da wuri ba. Kamfanin da ke shirin kashe kuɗi a kan ɗamara ko takardar shaida zai kyauta wa kansa idan ya fara bincika abin da ya faru da ma'aikaci na ƙarshe da ya ce a dakata akwai matsala.